Ƙanena yana jirgi a Bahar Maliya: me ake sa wa a wasiƙa, me ake bari?

Balki Nima: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ƙanena yana aiki a ɗakin injin wani jirgin dakon mai, kuma hanyarsu ta Bahar Maliya ce, inda ake harbin jirage. Da can in ya samu sabis yakan turo saƙon murya, yanzu sai a yi makonni ba a ji ɗuriyarsa ba. Mma ko barcin kirki ba ta yi. Jiya wani abokin aikinsa da ke hutu a Tema, garin tashar jiragen ruwa a nan Gana, ya aiko cewa kamfani ya kira shi, zai tashi ya tarar da jirgin, in muna da saƙo mu kai masa kafin Lahadi. Mma ta ce ita wasiƙa take so, ta takarda da biro. Na zauna rubutawa, abu biyu suka tsaya min a wuya. Kawunmu da ya riƙe shi tun yana ƙarami ya rasu bayan Sallah, har yanzu ba a gaya masa ba. Sannan mai gidan da muke haya ya ƙara kuɗi, kuma na shekara biyu yake so a dunƙule. In saka ko in bari?

Awudu Mamobi: Allah ya jiƙan kawu, Anti Balki. Amma wasiƙa kuma a wannan zamani? Jirage yanzu Starlink suke sawa, intanet na tauraron ɗan adam. Ki danna masa saƙon murya a WhatsApp, ranar da ya hau zai gani. Kafin takarda ta isa hannunsa labarin ya tsufa.

Ɗan Teku Tema: Awudu, ka taɓa kwana a jirgi? Wasu kamfanonin sun sa Starlink, gaskiya ne, amma ba duka ba. Akwai jirgin da ɗan data kaɗan ake yanka maka a wata, ka buɗe bidiyon biki ɗaya ya cinye. Kuma ko jirgin da ke da intanet mai kyau, in an doshi mashigin Babul Mandab, ƙofar Bahar Maliya ta gefen Yaman, kyaftin yana iya rufe komai, har na'urar da ke nuna inda jirgi yake a taswira wasu kashewa suke yi don kada a bi sawunsu. Iyalai da yawa sun saba bin jirgin ɗansu a waya, suna kallon ɗan ɗigon yana tafiya. Ranar da ɗigon ya tsaya cak, gida ya rikice da kuka, alhali mutum yana can lafiya lau yana shan shayi. Anti Balki, shirun nan sau da yawa dabara ce ta tsaro, ki gaya wa Mma haka.

Takarda kuwa ba ta neman caji, ba ta neman sabis. Ɗakin inji ƙara ce da zafi, mutum ya fito daga aikin awa huɗu cikin dare, kowa na barci, ba wanda zai yi hira da shi. A lokacin ne ake zaro ta daga ƙarƙashin matashi.

Awudu Mamobi: To na ji. Amma ai saƙon murya ma in ya sauka yana nan a waya, ya saurara sau ɗari in ya so.

Ɗan Teku Tema: A haɗa biyun mana. Wa ya hana?

Baba Soja Ashaiman: Wa alaikumus salam. 'Yata Balki, Allah ya gafarta wa kawunku, ya ba ku haƙuri. Jikata ce ke buga min wannan, ido ya yi rauni, ku yi haƙuri in ya yi tsawo.

Ni sojan ruwa ne na Gana, a Sekondi na yi yawancin aikina kafin a mayar da ni Tema. A 1990 ina cikin waɗanda aka tura Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. A Firitawun rundunar ta haɗu, ranar 24 ga Agusta muka shiga tashar Monrobiya ana ta ɓarin wuta. Janar Arnold Quainoo, ɗan ƙasarmu, shi ne kwamanda a lokacin. Jiragen yaƙinmu Achimota da Yogaga suna can, ga kuma Tano River na Black Star Line da ya yi dakon sojoji ya kwaso mutanen da yaƙi ya rutsa da su.

Waya babu a hannun kowa. Wasiƙu a buhu suke zuwa tare da kayan abinci. Sai a taru a saman jirgi, mutum ɗaya ya riƙa zaro ambulan yana kiran suna. Wanda aka kira ya karɓa ya soke a aljihu kamar bai damu ba, ya sulale ya nemi lungu. Wanda buhu ya ƙare ba a kira shi ba, sai ka ga ya ɗauki tsumma ya je yana goge ƙarfen da an riga an goge tun safe. Ba mai ce masa komai.

Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, ba ta yi boko ba. Wani yaron makaranta a bariki take saya wa alewa ya rubuta mata. Yaron nan duk abin da ya fito daga bakinta rubutawa yake yi, har inda ta ce masa "kai, kada ka sa wannan" sai in gani a rubuce, da abin da aka ce kada a sa ɗin a gabansa. Me ke ciki? Akuya ta haifi biyu. Garin rogo ya yi tsada. Wance da wance sun yi cacar baki a bakin famfo kan layin bokiti. Ƙaramin ya fara tafiya, ya faɗi ya fasa leɓe. Wallahi waɗannan nake maimaitawa har takardar ta yage a wurin ninki. In na karanta sai in ji garin yana nan yadda na bar shi, akwai inda zan koma.

A watan Satumba, 'yan kwanaki bayan an kama shugaban Laberiya Samuel Doe a cikin tashar da muke, harsashin igwa ya faɗa kan ɗaya daga jiragenmu, muka rasa mutane. Labari ya isa gida kafin sunaye su isa. Wasiƙun da suka biyo baya duk kuka ne: ba ma ci, ba ma barci, ka yi duk yadda za ka yi ka dawo. To ta ina zan dawo? In yi iyo? Mai wasiƙa ya sauke nauyin zuciyarsa a takarda ya samu sauƙi, ni kuma na ɗauka na hau gadi da shi cikin dare. Don haka 'yata, tsoron Mma ya tsaya a Nima. Ki rubuta masa cewa tana yi masa addu'a, ya isa.

Rasuwa kuma ni a ganina a bari. Mutumin da ke tsaye kan inji a wurin da ake harbi, hankalinsa ake so wuri ɗaya. In ya sauka lafiya a gaya masa.

Hajiya Mai Koko: Baba, Allah ya ƙara girma, ya saka muku da alheri. Amma ku yi min afuwa, zamaninku daban. Ku a lokacin abin da ba a sa a buhu ba, ba zai iso ku ba. Yanzu fa? Ɗana yana jirgin kamun kifi aka yi mana rasuwar kakarsa, uwata. Dangi suka taru suka ce a ɓoye. Muka ɓoye. Ranar da jirginsu ya matso gaɓa ya samu sabis, abin da ya fara gani hoton tsohuwar ne a Facebook, da sanarwar addu'ar arba'in, da wurin da za a kafa rumfa, wani ɗan uwa ya saka. Shi kaɗai a tsakiyar baƙi, ba mai yi masa ta'aziyya da harshensa. Ya dawo ya fi wata ba ya cin abincina. Abin da ya ce min: Mma, kun mai da ni bare. Har yau in na ce masa kowa lafiya sai ya ce in rantse.

Balki Nima: Hajiya, abin da nake tsoro ke nan. 'Ya'yan kawu sun riga sun sa hotonsa a ko'ina.

Malam Sani Fadama: Assalamu alaikum. Maganar Baba da ta Hajiya kowace tana da gurbi, bari in sa baki da ɗan abin da na karanta.

Ƙarya dai babu ita. In ya tambaya yaya kawu, ba za a rubuta masa "yana gaishe ka" ba. Jinkirta labari kuwa har a samu lokacin da ya dace yana da asali. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ummu Sulaim: ɗansu ya rasu mijinta Abu Ɗalha ba ya gida. Da ya dawo ya tambayi jikin yaro, ta ce ya fi kowane lokaci natsuwa. Ta kawo masa abinci ya ci, ya huta, sannan ta sanar da shi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi musu addu'ar albarka. Sai dai ku lura, jinkirin dare ɗaya ne, kuma ita da bakinta ta gaya masa, ba a bakin hanya ya tsinta ba. Wata shida ana rufa-rufa wani abu ne daban. Yaron nan yana da haƙƙin ya yi wa wanda ya rene shi addu'a, ya yi masa sadaka, kuma babu wanda ke da tabbacin wa zai riga wani.

Baba Soja Ashaiman: Malam, Allah ya gafarta, Abu Ɗalha a gidansa yake, kan tabarmarsa. Ba a kan ruwa ba.

Malam Sani Fadama: Haka ne Baba, shi ya sa ban ce a rubuta a layin farko ba.

Ɗan Teku Tema: Ga yadda na ga ana yi, kuma yana aiki. Ambulan biyu. Na farko labarin gida ne, a ba shi ranar da abokin ya hau jirgi. Na biyu na rasuwar, abokin ya riƙe a jakarsa, ya kuma sanar da kyaftin ko babban injiniya. In sun wuce wurin haɗari, ko kafin a buɗe intanet, sai ya kira shi gefe ya gaya masa da baki, ya miƙa masa takardar, su ɗaga hannu su yi addu'a tare. Shugabannin jirgi na kirki sukan sauke mutum daga aiki na yini guda. Ta haka bai ji a Facebook ba, bai kuma ji yana tsaye kan inji ba.

Sojojin ruwan Ingila masu jiragen ƙarƙashin teku, waɗanda ke ɗauke da makaman nukiliya, sukan yi watanni a nutse. Iyali na aika musu ɗan gajeren saƙo mai ƙidayayyun kalmomi a mako, su kuwa ba su da halin mayar da amsa ko kalma ɗaya, kuma sai an tace saƙon kafin ya isa. Mugun labari akan riƙe shi har a kusa dawowa. Wato su ma sun san matsalar, sun yi mata tsari tun kafin a tashi. Mu ne ba ma zama mu yi maganar. Ni yanzu kafin in ɗauki jaka sai na zaunar da iyalina: in an yi rasuwa ga wanda za ku kira, ga yadda nake so in ji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma ni maganar hayar ce ta fi damuna, kuma na ga kowa ya tsallake ta.

Tun Nuwamban 2023 da 'yan Huthi na Yaman suka kama jirgin Galaxy Leader da ma'aikata 25, waɗanda ba a sake su ba sai Janairun 2025, manyan kamfanoni da yawa suka daina bin Suwez, suka koma zagayowa ta ƙasan Afirka ta Kudu, ƙarin kwana goma ko fiye. Waɗanda suka ci gaba da bin Bahar Maliya sun san abin da suke yi. A jiragen da ke ƙarƙashin yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF, ma'aikaci yana da 'yancin ya ce ba zai shiga yankin ba, a sauke shi a mai da shi gida da kuɗin kamfani. In kuma ya yarda ya shiga, ana ƙara masa kwatankwacin albashinsa na asali na kwanakin da aka yi a ciki. To ku auna. Mutum yana zaune da takardar nan a gabansa, zai sa hannu ko ba zai sa ba, sai ga saƙo daga gida: mai gida ya ce shekara biyu, kuɗin makarantar wane, bikin auren wance saura wata ɗaya, rufin ɗakin Mma na yoyo. Wace amsa kuke zaton zai bayar? Na ga wanda kwantiraginsa ya ƙare, jakarsa a ɗaure, ya saurari saƙon murya ɗaya daga gida ya je ya roƙi a ƙara masa wata uku. Dokar ma'aikatan jirgi ta duniya ta 2006 ta ce kada zaman mutum a jirgi ya kai wata 12 a jere ba a mai da shi gida ba, amma in shi ya roƙa da bakinsa, kamfani murna yake yi.

Mu mutanen zango mun ɗauka duk wanda ya hau jirgi dala yake shara da tsintsiya. Ba a rubuta masa sai da lissafi a ƙarshe. Gaisuwa layi biyu, buƙata layi goma. Har ta kai in ka ga saƙo daga gida gabanka ne ke faɗuwa.

Balki Nima: Yaya, maganarka ta shige ni. Amma in ban gaya masa ba wa zai biya? Shi ne ƙarfin gidan.

Hajiya Mai Koko: Albashinsa ba ya shigowa gida duk wata?

Balki Nima: Rabi yana shigowa asusun Mma. Ba zai kai shekara biyu ba.

Alhaji Ɗanlami Aboabo: Gaisuwa daga Kumasi. 'Yata, dokar haya ta ƙasar nan ba ta yarda mai gida ya karɓi fiye da na wata shida a gaba ba, ko da yake kowa ya san yadda ake yi a Ankara, babban birnin Gana, da nan Kumasi. Ki samu dattijo biyu na unguwa da limaminku su je su same shi, a biya abin da ya sawwaƙa, a ce saura in yaro ya sauka. Mai gidan da ya san akwai ɗan jirgi a gidan ba zai kore ku ba, lissafi yake yi shi ma. Wannan aikin na waɗanda ke tudu ne.

Kuma tun da Baba Soja ya buɗe tarihi, kakana yana cikin sojan Gwalkwas, wato Gana ta zamanin Turawa, da aka kwasa a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can ƙasar Bama (Burma), a yaƙin Hitila. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, 1943 da 1944. Hausa ce harshen bariki a lokacin, taken rundunarmu ma "Kullum Shiri" ne. Sunan Burma Camp da barikin Myohaung na Takoradi duk daga can aka samo su. Akwai takardarsa ɗaya da ta rage a akwatin kakata, da ajami, ta fara da "bayan gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci", ta ƙare da "haza wassalam". Ba sunan gari a ciki ko ɗaya, don sai hafsa ya duba kafin ta fita. Abin da ya tambaya: an biya bashin goron da ya bari? Wa ke kai yaron makarantar allo? Kakata takan ce da malami ya karanta mata, ta san yana cikin hankalinsa tun da bai manta da bashi ba.

Garba Sabon Zango: Ni fa ina da tambaya, kada a ce na ɓata zance. Jiragen nan da ake harbi, ba don Gaza ake harbinsu ba? Jiragen yaƙin Amurka sun yi ta ruwan bama-bamai a Yaman, mu kuma muna nan muna koyon yadda za a lallashi masu taya su. Wa ke rubuta wa yaran Gaza wasiƙa?

Balki Nima: Malam Garba, ƙanena mai yake zuba wa inji. Bai taɓa riƙe bindiga ba.

Ɗan Teku Tema: Garba, mutum ukun da suka mutu a jirgin True Confidence a Maris ɗin 2024, biyu 'yan Filifin ne, ɗaya ɗan Biyetnam. Leburori irina. Jirage biyun da aka nutsar a Yulin 2025 ma yawancin ma'aikatan 'yan Filifin ne. Mai jirgi yana ofishinsa a Turai, inshora za ta biya shi. Har ta kai wasu jiragen suna rubutawa a na'urarsu cewa duk ma'aikatan ciki Musulmi ne, ko 'yan Sin ne, don dai a ƙyale su. Haka leburori suka sha wahala a 2022 da yaƙin Yukren ya tashi, ma'aikata kusan 2,000 suka maƙale a tashoshin ƙasar, ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Shinkafar da ka ci yau ta Tema ta shigo, wani ne ya kwana kan ruwa da ita.

Garba Sabon Zango: Ban ce a harbi lebura ba. Cewa na yi a san wa ake yi wa dako.

Shugaban Zaure: Malam Garba, an ji. Maganar Gaza tana da nata zauren, kuma ba wanda ya fi wani jin zafinta a nan. Baiwar Allah ta kawo matsalar gidansu, mu tsaya a kai.

Malama Zainabu Madina: Ni abin da ya tsaya min a rai mutumin nan ne na Baba, mai goge ƙarfe. Ina koyarwa a wata makarantar Islamiyya da boko a nan Madina ta Ankara, 'yan aji shida suna koyon rubutun wasiƙa, kullum "zuwa ga abokina" na ƙarya suke rubuta wa. Me zai hana su rubuta wa mutanen gaske? Sojojin ruwanmu suna sintiri a gaɓar nan saboda 'yan fashin teku. A 2020 kaɗai, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya, 130 a mashigin Gini aka sace su. Ga sojojinmu na ƙasa a kudancin Lebanon da Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 1979 muke aikawa. A cikinsu dole akwai maraya, akwai wanda danginsa ke can arewa ba mai rubuta masa.

Amurkawa sun daɗe suna yin haka. Lokacin yaƙin Gulf mutum kan rubuta wasiƙa ba suna, ya ce a ba kowane soja, a raba wa waɗanda ba su samu ba. A 2001 aka dakatar da tsarin, bayan wasiƙun da aka aika da garin cutar anthrax a cikin Amurka. Don haka na san ba a ɗaukar buhun takardu haka kawai a kai ƙofar bariki.

Baba Soja Ashaiman: Malama, Allah ya yi miki albarka. Da a zamaninmu an yi haka da an share wa mutane hawaye. Ki rubuta takardar neman izini da sunan makaranta zuwa sashen hulɗa da jama'a na rundunar a Burma Camp, su za su ce ga hanya. Ambulan a bar shi a buɗe don za a duba. Kada yaro ya sa lambar waya ko adireshin gida, sunan farko da aji ya isa. Kuma ki hana su tambayar "mutum nawa ka kashe", don yara sai sun tambaya. Su ba da labarin makarantarsu, wa ya ci ƙwallo, me aka dafa ranar Sallah.

Wannan har ke Balki. Kada ki tambaye shi kuna ina, yaushe za ku wuce wuri kaza, me kuka ɗauko. In ya gaya miki da kansa, ya tsaya a cikinki. Kada Mma ta ba wa maƙwabta a wurin suna, kada a sa sunan jirgi a Facebook ana neman addu'a. A yi addu'ar, Allah ya san jirgin.

Malam Sani Fadama: Baba ya yi gaskiya. Ka'abu bin Malik ya ce Manzon Allah in zai fita yaƙi yakan ɓoye inda ya nufa. Kuma kun san wasiƙar Haɗibu bin Abi Balta'a da ya aika Makka kafin a buɗe ta, har aka tura Sayyidina Ali da wasu suka karɓo ta a hanya. Sahabin Badar ne, tsoron abin da zai sami iyalinsa ne ya sa shi. Balki, in kina neman abin rufe takarda, ki sa masa addu'ar Annabi Nuhu ta hawa jirgi da ke cikin Suratu Hud, da ta Annabi Yunusa da ke cikin Anbiya. Gajeru ne, ya san su tun makarantar allo, ganinsu da rubutun gida ne daban.

Awudu Mamobi: Malama, ƙarin abu ɗaya, tun da sana'ata waya ce. Kada wani a zauren nan ya ɗauki zancen ya je yana neman "sojan ruwa" a intanet don ya ƙarfafa masa gwiwa. Rabin masu hoton kaki da ke cewa suna tsakiyar teku ba sa iya taɓa albashinsu, a turo musu kati, 'yan sakawa ne, wato 'yan damfarar intanet, wasunsu a bayan layinmu suke kwana. Wata baiwar Allah ta zo shagona za ta tura kuɗi ta MoMo wai na fito da akwatin wani kyaftin daga kwastan. Da ƙyar na hana ta, har ta yi fushi ta ce baƙin ciki nake mata.

Hajiya Mai Koko: Kai Awudu, ashe kana da amfani. Balki, ki bar Mma ta faɗa da bakinta ke ki rubuta, kada ki gyara mata Hausa. Mu da kaset muke yi, a sa rikoda a tsakar gida kowa ya zo ya yi magana, har kukan zakara ya shiga, a ba mai tafiya. Yaran gidan kowa ya ja layi biyu da hannunsa ko da karan tsaye ne. Sannan ki soya masa shito, soyayyen barkonon nan namu, mai kyau, ki ƙone ruwan sosai don ya daɗe, ki haɗa da gari da yaji. Abincin jirgi ba gishiri ba barkono.

Ɗan Teku Tema: Shito da gari sun yi, a ɗaure murfin da salatif a sa leda biyu, kuma a babbar jaka, ba ta hannu ba, in ba haka ba a filin jirgi za a zubar. Kilishi kada a sa, ƙasashe da yawa ba sa barin nama ya shiga, kada a ja wa bawan Allah tara. Kuma a tuna shi ma yana da nasa kayan, kilo ƙidayayye aka ba shi.

Balki Nima: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ambulan biyu zan yi. Haya ba zan sa ba, gobe zan je wurin limaminmu. Mma dai ta ce ita ba ta yarda a gaya masa rasuwar ba ko a ambulan na goma, sai na sake zama da ita.

Baba Soja Ashaiman: Ina bayan Mma. Amma ku ne masu zamani.

Hajiya Mai Koko: Ki kawo ta wurina da safe, ni zan yi mata bayani, mu tsofaffi mun fi jin junanmu.

Malama Zainabu Madina: Baba, in an ba mu izini za ku zo ku yi wa yaran magana kafin su rubuta? Ranar Alhamis muke darasin.

Baba Soja Ashaiman: Zan zo in akwai mai ɗauko ni. Gwiwa ba ta son hawa da saukar turoturo daga Ashaiman har Madina.

Awudu Mamobi: Ni zan ɗauko ku Baba, ina da mashin.

Baba Soja Ashaiman: Na ga yadda kuke tuƙi a titin Nima. Malama, a nemo mai mota.